Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Kamfanin Kayan Azurfa: Misalin Viners na Sheffield

Wanda ya juya tsohon cokali ko farantin shayi ya ga 'yan haruffa da tambura da aka buga a bayansa, ya riga ya riƙe shaida ta farko game da kamfanin da ya fitar da kayan, ko da kuwa bai iya karanta ta ba tukuna. Wannan bayani zai nuna yadda ake tashi daga waɗannan tambura a kai ga tarihin kamfani da za a iya dogara da shi, musamman kamfanonin Birtaniya da suka yi tashe tsakanin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da shekarun 1970. Na zaɓi kamfanin Viners na birnin Sheffield ya zama misali saboda ya haɗa dukan matsalolin da mai bincike ke cin karo da su: ya ƙera kayan azurfa tsantsa, ya ƙera na ruwan azurfa, ya ƙera na ƙarfe marar tsatsa, sannan sunansa ya ci gaba da fitowa a kan kaya shekaru da dama bayan da masana'antarsa ta daina aiki.

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a raba su tun daga farko, domin cakuɗa su shi ne tushen mafi yawan kurakuran da ke yawo a intanet. Sunan da aka buga a jikin kaya daban ne, masana'antar da ta ƙera kayan daban ce, mutanen da suka mallaki kamfanin a lokacin su ma daban ne. A wasu shekaru ukun nan sukan haɗu wuri guda, a wasu kuma sukan rabu nesa da juna, har a sami suna na Sheffield a kan cokalin da aka buga a Asiya bisa umarnin masu jari da ke zaune a Amurka. Aikin mai bincike shi ne ya gano, a kowane zango na tarihin kamfanin, wane ne ke riƙe da sunan, a ina ake aikin, kuma wane ne ke yanke shawara.

A fara da kayan kansu

Kafin a buɗe kowane littafi ko shafin intanet, a zauna da kayan tukuna. A wanke su da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, a goge da tsumma, amma kada a dirje su da toka ko yashi ko soson ƙarfe, domin tambarin da ya shekara sittin yana shan wanki ya riga ya fara shafewa, dirza kaɗan na iya ƙarasa shi. A ɗauki hoton kowane tambari da hasken da ke zuwa daga gefe, saboda inuwa ce ke fito da zurfin haruffa, sannan a kwafe abin da aka gani a takarda bisa jerin da yake, tare da siffar gidan da kowane harafi ke ciki, ko mai kusurwa huɗu ne, ko zagayayye, ko mai kama da garkuwa. A auna tsawo, a ɗora a sikeli a rubuta nauyi. Inda harafi bai fito sosai ba, a rubuta cewa bai fito ba, kada a cike gurbin da abin da ake fata ya zama.

Tambaya ta farko ita ce wane irin ƙarfe ne, domin amsarta ce ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da ake kira silba a kasuwanninmu galibi ba shi da ko ɗigon azurfa, saboda haka ƙyalli ba hujja ba ne. A Birtaniya doka ta daɗe da tilasta kai kayan azurfa ofishin gwaji kafin a sayar da su da sunan azurfa, kuma ofishin ne ke buga tambarinsa bayan ya tabbatar da ingancin ƙarfen. Azurfar da aka fi aiki da ita ita ce mai kashi 925 cikin 1000, sauran kuma galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ƙara mata ƙarfi, kuma alamarta a Ingila ita ce zaki mai tafiya da ya ɗaga ƙafar gaba guda. Kusa da zakin akan sami alamar birnin da aka yi gwajin: kan damisa na Landan ne, anga irin ta jirgin ruwa ta Birmingham ce, ganuwa mai hasumiya uku ta Edinburgh ce, kambin sarauta kuma na Sheffield ne. An kafa ofisoshin Sheffield da Birmingham a shekara guda, wato 1773, kuma har yau suna aiki. Na Chester an rufe shi a 1962, na Glasgow kuma a 1964, don haka kayan da ke ɗauke da alamar ɗayansu ba za su zama na bayan waɗannan shekaru ba.

Sai kuma harafin shekara, wanda shi ne ya fi amfani, shi ne kuma ya fi yaudara. Kowane ofishi yana buga harafi guda da ke wakiltar shekarar gwaji, idan haruffa suka ƙare sai a sake sabon zagaye da wani salon rubutu da wata siffar gida. Ma'ana, harafi ɗaya na iya nufin shekaru biyu da ke da tazarar kusan shekara ashirin da biyar a tsakaninsu, kuma abin da ke raba su shi ne ko harafin babba ne ko ƙarami, miƙaƙƙe ne ko karkatacce. Kafin 1975 kowane birni yana da nasa jerin, kuma ba a farkon Janairu ake canza harafin ba; a Sheffield a tsakiyar shekara ake canzawa, shi ya sa masana kan rubuta shekaru biyu a haɗe idan suna faɗin lokacin da aka gwada wani kaya. Dokar da majalisa ta zartar a 1973, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1975, ita ce ta haɗa ofisoshin a kan jeri guda da ya fara da harafin A, kuma a lokacin ne Sheffield ta ajiye kambi ta koma amfani da furen wardi a kan azurfa. Wannan canji kaɗai ya isa ya raba kayan Viners gida biyu ba tare da wata wahala ba: mai kambi na kafin 1975 ne, mai fure kuma na 1975 ne zuwa gaba. A wasu kayan akan ga ƙarin tambari mai kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda aka buga don tunawa da naɗin sarautar 1953 ko cikarta shekara 25 a kan gado a 1977. Ƙananan littattafan tambura, irin wanda ke ɗauke da sunan Bradbury, suna da jadawalin waɗannan haruffa shekara bayan shekara, kuma ya fi kyau a gwada hoton da aka ɗauka da jadawali biyu daban kafin a tsayar da magana.

Tambari na huɗu shi ne na mai kayan, kuma a azurfar Viners ta tsakiyar ƙarni haruffan da aka saba gani su ne EV, wato Emile Viner, ɗaya daga cikin iyalin da suka mallaki kamfanin. A nan ma akwai tarko. Abin da tambarin ke tabbatarwa a doka shi ne wanda ya yi rajista da ofishin gwaji ya kuma ɗauki alhakin kayan, ba lallai ne ya zama wanda hannunsa ya ƙera su ba. Manyan shaguna sukan sayi kaya daga masana'anta su sa a buga nasu tambarin, masana'antu kuma sukan ba ƙananan maƙeran fari aiki su yi musu a waje, al'adar da ta yi ƙarfi ƙwarai a Sheffield. Haka nan kamfani kan ci gaba da amfani da haruffan mutum bayan ya bar aiki ko ya rasu. Saboda haka EV na nuna cewa kamfanin ne ya gabatar da kayan, ba ya nuna cewa mai sunan ya taɓa ganinsu.

Kayan ruwan azurfa ba su da wannan gata na tambarin hukuma, kuma su ne suka fi yawa a gidaje. Idan aka ga EPNS, ana nufin an ƙera jikin kayan da wani gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya, sannan aka lulluɓe shi da siririn ruwan azurfa ta hanyar lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya sami haƙƙin mallakarta a 1840. EPBM kuma na nufin jikin na wani gauraye ne mai laushi wanda mafi yawansa kuza ce. Masu ƙera irin waɗannan kaya sun iya talla: sukan jera ƙananan tambura huɗu ko biyar cikin gidaje masu kama da na hukuma, yadda wanda bai sani ba zai ɗauka azurfa ce. Alamar A1 ma, wadda ake nufin ruwan yana da kauri da ita, kamfani ne ke ba kansa, babu wata hukuma da ke auna ta. Hanyar ganewa ita ce neman zakin nan, idan babu shi a kayan Ingila na wancan zamani sai a duba wuraren da ke shan gogayya, kamar ƙasan cokali da bakin yatsun cokali mai yatsu, inda ruwan kan ƙare wani launi mai ɗan rawaya ya bayyana. Viners ya sayar da wasu kayansa na ruwan azurfa da sunan Alpha Plate, kuma sanin irin waɗannan sunaye na kasuwa yana da muhimmanci, domin a wani lokaci su kaɗai ake bugawa.

Ƙarfe marar tsatsa ya fi sauƙin ganewa tunda yawanci akan rubuta shi ƙarara. A Sheffield ne Harry Brearley ya gano shi a 1913, lambar 18/8 da ake gani a bayan cokula kuma na nufin kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Gwajin mayen ƙarfe da mutane ke yawan yi ba ya raba gardama, domin azurfa ba ta kama shi, gaurayen da ke ƙarƙashin EPNS ma ba ya kamawa, 18/8 ma galibi haka. Wuƙa kuma a yi mata kallo biyu, saboda sau da yawa ruwanta na ƙarfe marar tsatsa ne daga wani maƙeri, ƙotarta kuma ta azurfa ce ko ta ruwan azurfa daga wani, har ma akan canza ruwan wuƙa bayan shekaru a bar tsohuwar ƙota.

Idan kayan sun zo da akwatinsu ko wata 'yar takardar garanti, kada a yar, domin sau da yawa sun fi ƙarfen faɗin lokaci. Farashin da aka rubuta da sule da kwabo na kafin 15 ga Fabrairun 1971 ne, ranar da Birtaniya ta koma ƙidayar kuɗi ta goma-goma. Adireshin da ya ƙare da sunan birni da lamba guda ɗaya ya girmi wanda ke da cikakkiyar lambar gidan waya mai haruffa da lambobi, wadda ba ta game ƙasar ba sai a 1974. Zanen layukan da na'ura ke karantawa a kanti bai yaɗu a can ba sai daga ƙarshen shekarun 1970.

Daga kaya zuwa takardu

A wannan mataki ne ya kamata a buɗe jadawali mai gida huɗu: shekara, abin da aka ce ya faru, inda aka samo maganar, da kuma ko majiyar ta zamanin da abin ya faru ce ko daga baya aka rubuta ta. Gida na huɗun nan shi ne ke bambanta bincike da tattara jita-jita. Shafukan masu sayar da tsofaffin kaya ashirin na iya faɗin magana guda, amma idan duk daga wuri ɗaya suka kwafo, shaida ɗaya ce kawai, kuma mai yiwuwa ma gurguwa.

Shekarar kafuwa ita ce wurin da aka fi samun saɓani. Masu riƙe da sunan Viners a yau suna tallata 1908, kuma abin da ya tabbata shi ne cewa iyalin Viener, Yahudawa 'yan asalin Jamus, sun kafu a sana'ar a Sheffield a farkon ƙarni na 20, daga baya aka sauƙaƙa rubutun sunan ya koma Viner. Amma kafuwar kamfani na iya nufin ranar da mutum ya fara ciniki, ko ranar da ya kama masana'anta, ko ranar da ya yi rajistar tambari, ko ranar da aka yi wa kamfanin rajista a hukumance, kuma waɗannan na iya rabuwa da shekaru masu yawa. A maimakon zaɓen guda, a rubuta kowace da hujjarta. A kuma riƙa nema da dukan rubutun sunan, tsoho da sabo, domin na'urar bincike ba za ta kawo Viener ba idan Viner aka rubuta mata.

Takardun hukuma su ne ƙashin bayan aikin. Jaridar gwamnati ta London Gazette, wadda ake bugawa tun 1665 kuma ana iya bincikarta kyauta a intanet, ita ce ke ɗauke da sanarwar rabuwar abokan ciniki, da naɗa mai kula da kadarorin kamfanin da bashi ya ci, da rushe kamfani, kowanne da ranarsa. Ofishin rajistar kamfanoni, wato Companies House, yana ba kowane kamfani lamba wadda ba ta canzawa ko da an canza suna, saboda haka lambar ce ya kamata a bi, ba sunan ba, musamman inda aka rushe tsohon kamfani aka kafa sabo mai kusan irin sunansa. Fayilolin kamfanonin da suka daɗe da rushewa ba duka aka adana ba, wani kaso ne aka miƙa wa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, inda ake samunsu a rukunin BT 31.

A can Kew ɗin ne kuma ake bin sawun wata lamba da mutane da yawa ke tsallakewa. Idan an ga Rd No ko Regd tare da lamba mai tsawo a jikin kaya, wannan lambar rajistar zane ce, tsarin da ake bi a jere tun 1884, kuma mafi yawan kundayen ƙarni na 20 suna cikin rukunan BT 52 da BT 53, ɗaya na hoton zanen, ɗaya na sunan mai rajista da ranar da ya yi. Sai dai a kula, lambar na faɗin lokacin da aka yi wa siffar rajista ne, ba lokacin da aka ƙera wannan cokalin da ke hannu ba, domin salo guda na iya shekara ashirin ana buga shi. Abin da take bayarwa shi ne iyaka ta ƙasa: kayan ba su girmi wannan rana ba. Lambar haƙƙin ƙirƙira ma haka take, kuma ana iya neman cikakken bayaninta kyauta a shafin Espacenet.

Birnin da kamfani ya zauna shi ne ya fi kowa riƙe labarinsa. A Sheffield akwai ma'ajiyar takardun birni da ɗakin karatu na tarihin yankin, inda ake ajiye kundayen adireshin 'yan kasuwa irin na Kelly da na White, waɗanda a da ake sabuntawa a kai a kai, ta yadda bin su ɗaya bayan ɗaya kan nuna lokacin da kamfani ya bayyana, da lokacin da ya ƙaura, da lokacin da ya ɓace. Akwai tarin Hawley a gidan tarihi na Kelham Island, mai ɗauke da kayan aiki da kundayen tallan kaya na masana'antun birnin. Akwai tsohuwar ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe ta Hallamshire, wato yankin Sheffield, wadda aka kafa bisa doka a 1624 kuma ta daɗe tana rajistar tambura. Masanin tarihi Geoffrey Tweedale ya tattara kundin kamfanonin wuƙaƙe da cokula na birnin, kuma duba shi da wuri zai rage wa mai bincike wahala mai yawa. Wanda ba zai iya zuwa ba yana iya rubuta musu wasiƙa, amma ta zama gajeriya, mai tambaya guda bayyananniya, tare da hoton tambari da bayanin abin da aka riga aka duba. Ma'aikacin ma'ajiya zai fi saurin amsa wanda ya tambayi ko suna da kundin tallan wani kamfani na wasu shekaru ƙayyadaddu, a kan wanda ya ce a aiko masa da duk abin da aka sani.

Kundin tallan kaya da tallace-tallacen jaridu su ne ke haɗa sunan salo da shekara. A shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni sun ƙara ɗaukar ƙwararrun masu zane, kuma Viners ya ɗauki Gerald Benney a matsayin mai ba da shawara kan zane daga 1957 zuwa 1969, wanda ya zana masa salo irin su Studio, mai ƙota mai kaushi kamar ɓawon itace, da Chelsea. Ba shi kaɗai ba ne: David Mellor ya zana wa Walker & Hall salon Pride, Robert Welch kuma ya fara aiki da masu ƙera kayan ƙarfe marar tsatsa na Old Hall a 1955. Hukumar bunƙasa zanen kayan masana'antu da gwamnati ta kafa a 1944 ta riƙa ba irin waɗannan kaya lambar yabo tana buga hotunansu a mujallarta, kuma takardunta suna Jami'ar Brighton a yau. A ra'ayina nan ne ya kamata mai bincike ya fi tsanantawa, domin sunan mai zane na ƙara wa kaya kuɗi, saboda haka masu sayarwa kan jingina wa Benney duk wani cokalin Viners mai ƙota mai kaushi. Kada a karɓi irin wannan jingina sai an gan ta a kundin kamfanin, ko tallan zamanin, ko rajistar zane, ko bayanin gidan tarihi irin na Victoria da Albert da ke Landan.

Tarihin kamfani ba ya fahimtuwa sai an sa shi cikin abin da ke faruwa a kasuwa. Harajin saye da aka ƙaƙaba a 1940, wanda ya yi wa kayan alatu nauyi sosai bayan yaƙi har zuwa lokacin da aka maye gurbinsa a 1973, ya rage cinikin azurfa tsantsa a cikin gida. Gidaje sun daina ɗaukar barorin da za su zauna suna goge azurfa, matasa masu sabon aure kuma sun koma son ƙarfe marar tsatsa da ba ya buƙatar hidima. Viners, a ƙarƙashin Ruben Viner, ya karɓi wannan canji da hannu biyu, ya zuba jari a injuna da talla har ya zama mafi girman mai ƙera cokula da wuƙaƙe a Birtaniya a shekarun 1960. Sai kaya masu arha daga Japan da Hong Kong da Koriya ta Kudu suka cika kasuwa, kamfanin da kansa ya shiga shigo da su, har ya riƙa kawo waɗanda ba a ƙarasa ba ya yi musu ruwan azurfa a gida ya buga musu Made in Sheffield, abin da ya jawo masa suka daga abokan sana'a. Bashi da tsadar kuɗin ruwa suka durƙusar da shi a shekarun 1980, aka sayar da sunan, daga baya ya shiga hannun kamfanin Oneida na Amurka, sannan ya sake canza hannu. Darasin aiki a nan shi ne a karanta kalmomin da ke jikin kaya da idon lauya: sunan birni kaɗai, ko sunan kamfani haɗe da sunan birni, ba daidai yake da cewa a can aka ƙera kayan daga farko har ƙarshe ba.

Haɗewar kamfanoni ma takan rikita lissafi. A 1963 aka haɗa Walker & Hall da Mappin & Webb da Elkington a ƙarƙashin British Silverware, amma tsofaffin sunayen suka ci gaba da fitowa a kan kaya. Wanda ke binciken ɗayansu bayan wannan shekara dole ne ya nemi takardu da sabon sunan, ya kuma tambayi a wace masana'anta aka ci gaba da buga salon da yake bi.

Ga mai karatu da ya sami irin waɗannan kaya a cikin gadon iyaye a Kano ko Kaduna ko Jos, akwai wani reshe na binciken da shi ya fi kowa damar yi. Kayan teburi na Birtaniya sun shigo Najeriya a zamanin mulkin mallaka da bayansa ta hannun manyan kamfanonin ciniki da kantunansu, irin su Kingsway na kamfanin UAC, da kuma ta hannun ma'aikata da ɗaliban da suka dawo daga Ingila. Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian suna ɗauke da tallace-tallacen kantuna, kuma ana iya neman su a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna. Rasit ko tikitin farashi da aka rubuta da fam da sule na kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta fara aiki. Rubutun da aka zana a kan tire ko kofi don yi wa wani ban kwana ko karrama shi na ba da iyaka ta sama, wato kayan sun riga ranar wanzuwa, sai dai suna iya girmar ranar da shekaru masu yawa idan tsohon kaya aka ɗauka aka yi masa sabon rubutu.

Maganar baki ma shaida ce, muddin an san abin da take iya ɗauka. Dattijuwar da ta ce da wannan butar shayin aka kai ta ɗaki ta ba da lokaci mai kyau idan an san shekarar aurenta, ko aka iya danganta shi da wani abu sananne kamar samun 'yancin kai a 1960. Amma idan ta ce azurfa ce zalla, wannan abin da aka faɗa mata ne, tambari ne zai tabbatar ko ya rushe. Haka abin yake ga tunanin tsofaffin ma'aikatan masana'antu da gidajen tarihi na Sheffield suka naɗa, ciki har da na matan da suka yi aikin goge cokula: sun fi kowa sanin yadda ake aiki da yadda ake biyan lada, amma shekarun da suke ambata sai an gwada su da takarda.

Idan aka zo rubutawa, a jera abubuwan bisa shekaru, kuma kowace magana ta fito da matsayinta a fili. Abin da tambarin hukuma ko takardar zamanin ta tabbatar a faɗe shi kai tsaye tare da inda aka gan shi. Abin da aka ciro daga salo ko kamanni a ce hasashe ne, a kuma ba shi tazarar shekaru a maimakon shekara guda, kamar a ce tsakanin ranar rajistar zane da shekarar da salon ya daina fitowa a kundin talla. Inda majiyoyi biyu suka saɓa a kawo su duka, a faɗi wadda aka fi karkata gare ta da dalilin hakan. A ƙarshe a haɗa hotunan tamburan da ma'auninsu a jikin rubutun, tare da lambar kowane fayil da aka duba da sunan ma'ajiyar da yake, domin wanda ya zo daga baya da wani cokali mai irin tambarin ya iya gwada nasa da naka, ya kuma koma ga takardun ya duba da kansa.